Shinkafar Ranar Alhamis

Kakarta Bebe ce ta kashe Nagina. Da baki ta kashe ta, a gaban baƙi, lokacin da Shamshad take tsaye da farantin shayi a hannu.

Ranar ce iyayen Farzana suka zo daga garin Multan ganin gidan da 'yarsu za ta shiga idan an daidaita. An share tsakar gida har sau uku, an fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Nagina kuwa tun da hantsi aka hau da ita ɗakin saman soro, aka ba ta alewa biyu da 'yar tsanarta, aka ce ta zauna shiru, na awa ɗaya ne kawai. Abin da aka manta a cire shi ne hoton da ke jikin bango: Tanwir da kayan makaranta, a gefensa wata yarinya da hular ulu, gashin idonta zara-zara har yana taɓa gira.

"Masha Allah," in ji uwar Farzana. "Wannan mai idanun fa?"

Bebe, kakar gidan, ko yawu ba ta haɗiya ba. "Ƙanwarsa ce. Allah ya karɓi abarsa bara. Zazzaɓi ne na kwana uku."

Baƙi suka yi salati, suka ɗaga hannu a yi wa marigayiya Fatiha. Sarwar, uban Nagina, ya shafa tare da su. Tanwir, angon da ake nema wa auren, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Shamshad, uwar da ta haife ta, ta ajiye farantin a hankali ta ce a sha shayi kada ya huce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma tun daga ranar ba ta sake yin barci mai daɗi ba.

Shekarun Nagina goma sha tara, amma hankalinta ya tsaya a na 'yar shekara shida. Gashin kanta bai taɓa fitowa ba sai ɗan tsiri-tsiri kamar na ɗan tsako, duk da man da Bebe ta yi shekaru tana murza mata da ruwan albasa. Gashin ido kuwa Allah ya ba ta na mutum uku, sai Shamshad ta sa almakashi ta rage don kada ya shige mata ido. Idon ne kuma yake tafiya a hankali. Da farko duhun magariba ne yake gagarar ta, daga baya gefe da gefe ya rufe, ya rage mata ɗan tsakiya. Wani likita a Lahore ya taɓa duba ta, ya tambayi Sarwar ko shi da matarsa 'yan'uwa ne. Sarwar ya ce ɗan mace ne da 'yar namiji, kamar kowa a danginsu. Likita ya ce to ciwon daga jinin su biyun ne, babu laifin kowa, a riƙa kawo ta, a bar ta cikin mutane da haske. Bebe ba ta taɓa yarda da wannan magana ba. Ta ce jininsu fes yake, daga wajen uwar Shamshad abin ya ɓullo.

Bayan baƙi sun tafi, Shamshad ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin surukarta, wadda kuma gwaggonta ce.

"Bebe, me kika faɗa haka?"

"Na faɗi abin da zai sa ɗanki ya yi aure. Gida uku suka janye a ƙauye don sun gan ta. So kike ya tsufa yana wanke wa kansa riga? Ke da kike da gaskiya, me ya hana ki buɗe baki? Ai a tsaye kike."

Shamshad ta juya wajen mijinta. "Baban Tanwir, ka ji fa."

"Na ji," in ji Sarwar yana cire agogo. "A bari a ɗaura tukuna. In yarinya ta shigo ta saba da mu, sai a faɗa mata a hankali. Wata ɗaya ne, biyu."

Wata huɗu ke nan da tasowarsu daga ƙauye zuwa wannan sabuwar unguwa a gefen Jhang, kuma Nagina a lulluɓe ta shigo gidan, don haka maƙwabta ba su san da ita ba. Dangi kuwa sun sani sarai. Da suka zo biki, ɗaya bayan ɗaya aka ja su gefe aka raɗa musu, kuma babu wanda ya ce uffan, domin kowa yana da 'ya'yan aurarwa kuma jinin ɗaya ne. Wasu gwaggwanni ma sun hau sama sun shafa kan Nagina, suka sauko suka zauna kusa da dangin amarya suna girgiza kai suna cewa yarinya ce mai haƙuri, Allah ya jiƙanta. A sama Nagina tana jin ganguna, tana tafi ita kaɗai.

Aka sa kwaɗo biyu, ɗaya a ƙofar ɗakin, ɗaya a ƙofar matattakala. Bebe ta gaya wa amarya cewa saman soron nan akwai mutanen ɓoye, kuma ba abin da suke so irin ƙamshin lalle, don haka kada ta kuskura ta hau. Shanya Shamshad za ta riƙa yi. Farzana ta yi ta gaya wa gidansu a waya cewa ta yi dacen suruka, ko kwandon wanki ba a bari ta ɗauka. A ƙarƙashin jiƙaƙƙun kayan nan ne Shamshad take ɓoye gurasar roti da miyar wake, sau uku a rana.

Da Farzana muguwa ce da abin ya zo wa Shamshad da sauƙi. Sai ta kasance yarinya mai tausayi, mai riƙo da abin da aka koya mata a gida. Alhamis ɗin farko bayan ta fara girki, ta zo wajen surukarta tana goge hannu da gefen mayafi, ta kira ta da kiran girmamawar da ake yi wa uwa.

"Ammi ji, me marigayiya ta fi so?"

Bakin Shamshad ya riga hankalinta. "Shinkafa da mazarƙwaila. Da ɗan kwakwa a kai."

"To yau ita zan dafa. A gidanmu ba ma fashin Alhamis. Ga shi ban same ta ba, aƙalla in ciyar da ita ta wannan hanya."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san zancen. Tsofaffi suna cewa ranar Alhamis tsakanin la'asar da magariba matattu suna zuwa ƙofar gidajensu su tsaya, su ga ko an tuna da su. Idan an dafa abin da suke so, an karanta a kai, an ba da sadaka da sunansu, sai su koma da murna. Idan ba a yi ba su koma da kuka. Malamai na ta cewa babu wannan a littafi, mata na ta dafawa.

Farzana ta zuba shinkafar a sabon faranti, ta rufe kanta, ta zauna a madafa ta karanta Fatiha da Ƙulhuwa ƙafa uku. Ta ce Allah ya kai ladan ga Nagina 'yar Sarwar, ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Bebe ta ce amin da ƙarfi. Sarwar da ke alwala a tsakar gida ya ce amin. Farzana ta dubi surukarta, sai Shamshad ta ji leɓenta yana motsi. Aka aika da farantin gidan liman. Ɗan abin da ya rage a gindin tukunya Shamshad ta kankare ta hau da shi cikin kwandon wanki. Nagina ta cinye tana lashe yatsu, tana tambaya ko sallah ce aka yi.

Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Sanyi ya shigo da hazonsa. Ɗakin sama wurin ajiyar barguna ne da tsohuwar adakar ƙarfe, da taga ɗaya ƙarama mai kallon yamma. Wannan taga ita ce duniyar Nagina. Da rana ta karkata sai ta jawo gadon igiyarta, ta kafa fuska a jikin ƙarfen, ta ce, "Ammi, ga ja. Ga ruwan ɗorawa." Shamshad ta kan zauna a bayanta ta ɗan lokaci, tana sosa mata kai a ƙarƙashin hula, kunnenta yana ƙasa kada amarya ta kira.

Wata rana matar maƙwabci da ta hau soronta shanya barkono ta tare Bebe a bakin titi. Ta ce ta ga fuska a tagar samansu, fara fat, babu gashi, ta kusa faɗowa don tsoro. Bebe ta ce ai shi ya sa suke hana amarya hawa. A ranar Sarwar ya hau da guduma da buhun taki, ya ninka shi biyu ya kafe a tagar.

"Abba, ka kashe mini rana," in ji Nagina.

"Na ɗan lokaci ne, puttar," in ji shi. Puttar, wato 'yata, yake ce mata tun tana goye, kuma muryarsa ba ta canja ba ko kaɗan yayin da yake buga ƙusa ta ƙarshe.

Shamshad ta bi shi har matattakala. "Likita ya ce a bar ta cikin haske."

"Akwai ƙwan lantarki."

"Wutar da ake ɗaukewa rabin yini?"

"Uwar Tanwir, kada ki cika ni. Ci take ba ta samu ko sha? Akwai masu kai irinta bakin kabarin waliyyi su ajiye su tafi. Ni na riƙe tawa a gidana."

Haka yake faɗa wa kansa, kuma ya yarda da abin da yake faɗa. Wannan ne ya fi ba Shamshad tsoro.

Da alkama ta fara ja a gona, Farzana ta fara amai da safe. Gida ya cika da murna, aka raba kayan zaƙi a unguwa. Shamshad ta ce to yanzu fa, ai an saba. Bebe ta zaro ido.

"Yanzu? Ki gaya wa mai ƙaramin ciki wannan magana, ta firgita ya zube? Tattaɓa-kunnena kike so ki kashe? A bari ta haihu. Mace mai ɗa a hannu ba ta zuwa ko'ina."

"Wata bakwai ke nan nan gaba, Bebe."

"Ita waccan me ta sani? Sama da ƙasa duk ɗaya ne a wajenta. Wata bakwai da kwana bakwai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne bututun hayaƙin madafa ta jikin bangon ɗakin sama ya bi, kuma siminti ya tsage a wani wuri daidai kan gadon Nagina. Tun da aka toshe tagar, can ta mayar da fuskarta. Duk abin da ake faɗa a madafa yana zuwa mata tare da ƙamshin albasa. Ta san muryar Farzana, har ta fara kiran ta Bhabhi, matar yaya, ba tare da kowa ya koya mata ba.

Ranar wata Asabar a farkon zafi, Shamshad ta ajiye mata roti, sai Nagina ta laluba ta ture kwanon.

"Ammi, yaushe na mutu?"

Shamshad ta zauna a kan adaka. "Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

"Bhabhi. Kullum tana cewa Allah ya jiƙan Nagina. Ni ce Nagina 'yar Sarwar. Ta ce a haskaka kabarina." Ta ɗaga kai tana juya idanunta a cikin duhun. "Nan ne kabarin? Ba a haskaka ba, Ammi."

"Kina da rai, 'yata. Ga hannunki a nawa. Wasa ne ake yi, wasan ɓuya. Ci abincinki."

"A'a. Bhabhi ta ce matattu ranar Alhamis suke ci. Yau ba Alhamis ba ce. Ban ji ƙamshin ba."

Shamshad ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ɗaga hannu za ta mare ta, abin da ba ta taɓa yi ba. Nagina ta datse baki. Yarinya ce da in ta kama doka ba ta saki. Tun tana ƙarama aka ce mata ba a taɓa wuta, ba ta ƙara zuwa kusa da murhu ba. Aka ce mata manya ba sa ƙarya, ta riƙe. Ruwa tana sha, wani lokaci da ɗan madara in Shamshad ta ce magani ne. Abinci kuwa sai ranar da ƙamshin mazarƙwaila ya hau ta bututu, ta ji an kira sunanta, ta ji an ce amin.

Shamshad ta gwada dafa shinkafar ranar Litinin, ta ce wa Farzana sha'awa ce ta kama ta. Nagina ta shinshina ta kau da kai. Ba a karanta ba, ba a kira sunanta ba, ba tata ba ce.

Zafin wajenmu ba ya tausayin ɗakin sama. Bangon yana ɗaukar rana tun safe, ya riƙe ta har washegari. Cikin mako shida awarwaron Nagina da ke tsayawa a wuyan hannu ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ta daina tafi. Ta daina yi wa 'yar tsanarta magana. In Shamshad ta buɗe ƙofa hasken rana ya shigo, ba ta ƙara juyowa. Gashin idon nan kaɗai ne bai san abin da ake ciki ba, sai tsawo yake ƙarawa. Shamshad tana shanya tana jin numfashinta ta bayan ƙofa. In ta sauko ta zauna cin abinci, sai ta ji kamar ana jan ƙafa a saman kanta, ko da babu motsin komai.

Farzana ma tana ji. "Ammi ji, jiya na ji kamar ana kiran Bhabhi ta cikin bututu. A hankali, kamar muryar yaro."

"Tantabarun maƙwabta ne," in ji Bebe. "Ki riƙa karanta Ayatul Kursiyyu, kina da ciki."

"Ni ban ji tsoro ba. Na ce ko ita ce take gode mini." Ranar Alhamis ɗin Farzana ta ƙara kwakwa da zabibi.

Shamshad ta tare ɗanta a zaure yana goge babur.

"Rabonka da ka hau ka ga ƙanwarka tun yaushe?"

"Ammi, in na hau Farzana za ta tambaya."

"Ba ta cin abinci, Tanwir. Mutuwa take yi don kai."

"Don ni? Ni na ce ta mutu? Bebe ce ta faɗa, Abba ya shafa, ke kika zuba shayi. Ni ko magana ban yi ba." Ya tayar da babur ɗin. "Ki ba ta maganin ƙarin jini. Saura wata uku."

Ta je wa mijinta da awarwaron a tafin hannu, domin da safen nan ya zame ya faɗi ƙasa da kansa. Ta ce a kai ta asibiti. Sarwar ya ce ta wace ƙofa za a fitar da ita, kuma a rubuta sunan wa. Ya ce mutuncin gidan nan shekara hamsin yana gina shi. Ya ce in yunwa ta ci ta za ta ci, babu mai kashe kansa da gangan. Bebe daga kan gadonta ta ce, "Rai a hannun Allah yake. In kuma ya ɗauke ta, ai hutu ne gare ta, mu kuma ba mu yi ƙarya ba ke nan."

Shamshad ta dubi gwaggonta, matar da ta yi mata wankan jego sau biyu. Ta gane cewa a gidan nan jira ake yi, kuma ita ma cikin masu jiran take.

Alhamis ta zagayo, damina ta sauka, gari ya yi lumshi. Da la'asar Shamshad ta hau da kwandon wanki. Nagina tana kwance kunnenta a jikin tsagar bango.

"Ammi, Bhabhi ta ɗora. Na ji."

"Ta ɗora, 'yata."

"Ta ce matattu suna zuwa bakin ƙofa da kansu. Ni me ya sa ba na zuwa? Ko za ta ce ba na so?"

Shekara ashirin da shida Shamshad tana auren Sarwar ba ta taɓa ɗaga murya ba, kuma ta san yau ma ba za ta iya ba. Amma hannu ba ya bukatar murya. Ta gyara wa 'yarta hula, ta fita ta bar ƙofar a buɗe. Ta sauko ta bar ta matattakala ma a buɗe, ta jefa kwaɗon biyu cikin kwandon, ta shiga madafa ta zauna.

Farzana ta zuba shinkafa, ta rufe kai, ta ɗaga hannu. Bebe tana kan kujera 'yar tsugune da carbi. Matakala goma sha bakwai ce, Nagina ta ƙirga su ranar da aka hau da ita. Shamshad ta riƙa jin ta tana saukowa a zaune, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa. A ta ƙarshe an ji ta zame.

"...Allah ya kai ladan ga Nagina 'yar Sarwar," in ji Farzana, "ya jiƙanta."

"Amin," aka ce daga bakin ƙofa.

Tana tsaye dafe da bango, hular ta faɗi a hanya, riga tana lilo a jikinta. Fuskarta ba ta kalli kowa ba, ta kalli inda ƙamshin yake.

"Salamu alaikum, Bhabhi. Ni ce marigayiya. Na zo cin shinkafata."

Farzana ba ta yi ihu ba. Bebe ce ta yi. "Rufe idonki! Aljana ce, ta ɗauki kamarta! Rufe idonki ki yi ta'awwuzi!"

Farzana ba ta rufe ba. Ta kalli gashin idon da ta sani a hoto. Ta kalli gwiwar da ta ƙuje a matakala, jini yana gangarowa a hankali zuwa idon sawu. Ta miƙe da cikinta, ta je ta kama wuyan hannun, yatsunta biyu suka zagaye shi har da saura. Sannan ta juyo.

"Ammi ji?"

"'Yata ce," in ji Shamshad. "Da ranta. Wata tara tana saman kanki."

"Kuma kika zauna nan ina yi mata addu'ar matattu, kina cewa amin?"

Farzana ta zaunar da Nagina a kan tabarma, ta jawo farantin gidan liman, ta riƙa ba ta a baki da hannunta, hawaye yana ɗiga a shinkafar.

Da maza suka dawo daga magariba, tambayar Sarwar ta farko ita ce wa ya buɗe ƙofa. Ta biyu, ko Farzana ta kira gidansu. Tanwir ya fara rantsuwa cewa shi dama ya yi niyyar faɗa mata. Farzana ta bar shi ya gama.

"Da kun ce mana ciwo ne, da an je asibiti an gwada jinina da naka, an gaya mana abin da ake ciki. Ciwon ba shi ne yake ba ni tsoro a gidan nan ba." Ta ɗora hannu a cikinta. "Ka gaya mini, in na haifi irinta, hawa za ku yi da ita?"

Tanwir ya kalli takalminsa.

Ranar Lahadi yayan Farzana ya zo da mota daga Multan. Haihuwar fari dama a gidan iyaye ake yi, don haka abin da aka gaya wa unguwa ke nan, amma ta kwashe har da keken ɗinkinta. Kafin ta fita ta tsaya da Shamshad a madafa ta nuna mata yadda take yi: a narka mazarƙwailar daban, a tace, a soya kwakwar kaɗan kafin a zuba. Ta ce, "Ta san ƙamshin nawa. In ya bambanta ba za ta ci ba." Ta sumbaci kan Nagina, ba ta yi wa Bebe sallama ba.

Shamshad da kanta ta ɗauki 'yarta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, da rana tsaka, maƙwabta suna leƙe. Likita ya haska idon da 'yar fitila, ya sake haskawa, ya kashe. Ya ce wannan ya riga ya tafi. Ya ce abin da ya rage shi ne a ceci jikin, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar a rana, in ba haka ba ba za ta kai sanyi ba.

Yanzu gadon Nagina a tsakar gida yake, inda rana take faɗowa. Ta kan zauna a cikin hasken tsamo-tsamo, ta ce, "Ammi, yaushe Abba zai cire buhun?" Sarwar in ya ji sai ya ɗauki hularsa ya fita. Bebe tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ita alheri ta nufa, surukarta ce ta rusa gida.

An gaya wa Nagina tana da rai. Liman ya zo ya gaya mata. Tanwir ya durƙusa yana kuka ya gaya mata. Ta saurare su da ladabi, ta girgiza kai.

"Na ji ku ta bututu. Bebe ta ce amin. Abba ya ce amin. Ke ma kin ce, Ammi, a hankali. Na ji ki."

Don haka a gidan Sarwar babu Litinin yanzu, babu Talata. Kowace safiya Shamshad tana narka mazarƙwaila, ta tace, ta soya kwakwa kaɗan, har ƙamshin ya kai tsakar gida.

"Yau wace rana ce, Ammi?"

"Alhamis, 'yata."

Ta zo da farantin ta zauna a gefen gadon. Ta rufe kanta, ta ɗaga hannu, ta karanta Fatiha da Ƙulhuwa ƙafa uku. A nan kullum muryarta take tsayawa, Nagina kuma ta jira, hannuwanta a cinya, domin ta san ba a gama ba.

"Allah ya jiƙan Nagina 'yar Sarwar," in ji uwarta. "Ya haskaka kabarinta."

"Amin," in ji Nagina, sannan ta buɗe baki.